Sirrin Da Ke Cikin Tsiron Dawa

Duk wanda ya san Kwaciri da sauran unguwannin Fagge na bakin hanyar Katsina ya san sana'ar kunun zaƙi. Mata ne ke yinsa cikin gida, yara su fita da shi tashoshin mota da ƙofar makarantu, wani har kasuwar Sabon Gari. Hatsin kuwa ba shi da nisa, ga Dawanau nan gaba a kan hanyar. To, cikin aikin kunun nan akwai wani mataki guda wanda ya kamata mai ilmi ya tsaya ya dube shi da kyau.

Ga yadda a ke yi. A jiƙa gero ko dawa, a wanke, a kai inji a markaɗa da citta da kanumfari da ɗan masoro. Sa'an nan a raba ƙullun kashi biyu, babba da ƙarami. A sheƙa wa babban tafasasshen ruwa, ya yi kauri har muciya ta tsaya a ciki, a bar shi ya ɗan huce. Sai a kawo ƙaramin kashin, wanda ba a dafa ba, an haɗa shi da garin tsiro, ko ɗanyen dankali, ko duka biyu, a zuba a motsa. Kafin a jima abin nan mai kauri ya saki ya tsinke, in ya kwana kuma a iske ya yi ɗan zaƙi tun ba a sa sukari ba. Ga shi ba a ƙara ruwa ba, ba a kuma mai da shi wuta ba. Me ya tsinka shi?

In ka tambayi mai kunu za ta ce tsiro ne, gaskiyarta kuwa. Tsiro shi ne hatsin da aka jiƙa, aka shimfiɗa bisa buhu aka rufe, ana yayyafa masa ruwa kwana uku zuwa biyar har ya fid da saiwa da ɗan kai, sa'an nan aka shanya aka daka. Amma garin dawar da ba ta tsira ba ba ya yin wannan aiki sosai. Ashe ke nan, cikin 'yan kwanakin nan ƙwayar ta ƙera wani abu wanda a da ba ta da shi.

Almakashin Sitaci

A 1833 wasu masana biyu na Faransa, Payen da Persoz, suka tace ruwan tsiron sha'ir, suka fitar da wani farin gari daga ciki. Suka ga ɗan kaɗan daga garin nan ya isa ya narkar da sitaci mai yawan gaske ya mai da shi sukari. Shi ne yau a ke kira amilas, shi ne kuma na farko da aka ware cikin babban dangin nan da masana ke kira enzayim.

Sitaci, watau abin da ke sa tuwo da kunu kauri, kamar dogon carbi ne wanda kowane ɗa nasa sukari ne. Muddin carbin na da tsawo, igiyoyin sai su sarƙe da juna su riƙe ruwa, harshe kuma ba ya jin zaƙinsu. Amilas almakashi ne. Yana yanka igiyar, ya wuce ya yanka wata, shi kansa ba ya ƙarewa cikin aikin. Akwai irinsa cikin yawun kowane ɗayanmu, shi ya sa in ka daɗe kana tauna lomar tuwo sai ka ji ta soma zaƙi.

Almakashin nan iri biyu ne. Na farko, alfa, yana yanka igiya ta tsakiya ko'ina ya samu, shi ke tsinka kunu nan da nan. Na biyu, bita, daga bakin igiya ya ke bi yana cire 'ya'ya bibbiyu, shi ke kawo yawancin zaƙi. Tsiron dawa yana da na farkon da yawa, amma na biyun kaɗan ne gare shi. Dankali kuwa cike ya ke da na biyun, har ma daga dankali ne masana a Amurka suka fara samun tsantsarsa a shekarun 1940. Saboda haka macen da ta haɗa tsiro da dankali cikin ƙullu ɗaya ta cike gurbin wannan da wancan, dabara ce wadda masana suka zo suka tarar. Haka nan batun jira ya huce. Sitacin dawa ba ya buɗewa almakashi ya shige shi sai ya sha zafin da ya kai digiri 70 ko fiye, shi kuwa enzayim tafasa na kashe shi. Dole ke nan a dafa ɗaya, a bar ɗaya ɗanye, a haɗa su sa'ad da zafi ya sauka.

Wa Ke Ba Da Umurni?

Ita ƙwayar dawa ba don kunu ta ke wannan ƙira ba. In ka jiƙa ƙwaya ka tsaga ta da reza, za ka ga abu uku. Akwai dusa a waje, akwai farin gari wanda ya cika yawancin cikinta, akwai kuma wani ɗan abu a gindi, shi ne ɗan tayin da zai zama karan dawa. Farin garin nan rumbu ne kurum, ba rai a cikinsa. Ɗan tayin ne mai rai, ko da ya ke a bushe ya ke, ruwan jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Ga shi kwance jikin rumbu, amma ba ya iya shan abinci sai narkakke. Kafin ganyensa ya fito ya ga rana, ba shi da abin dogara sai rumbun nan, don haka tilas ya sami hanyar narkar da shi.

Yadda aka gano hanyar nan abin mamaki ne, don ta wajen ciwon shinkafa aka bi. A gonakin Japan akwai wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawon banza ta faɗi ba ta yi 'ya'ya ba. A 1926 wani masani, Kurosawa, yana aiki a tsibirin Taiwan, ya nuna wani ruwa ne da funfunar cutar ke fitarwa ke jawo haka. A 1935 Yabuta ya sa wa abin suna jibaralin. Daga baya aka gane su kansu tsire-tsire suna yin nasa ɗan kaɗan don amfanin kansu.

A 1960 mutum biyu, Yomo a Japan da Paleg a Ostareliya, kowa a wurinsa, suka yi gwaji iri ɗaya. Suka raba ƙwayar sha'ir biyu. Rabin da ke da ɗan tayi ya fitar da amilas. Rabin da ba shi da shi ya zauna shiru, har sai da aka ɗiga masa jibaralin, sai ga shi ya kama aiki kamar ɗan tayin na nan. Watau jibaralin manzo ne. Ɗan tayi ke aiko shi zuwa wata siririyar shimfiɗa mai rai da ke ƙarƙashin dusa, ita kuwa ta ƙera almakashi ta zuba cikin rumbu. Saura tambaya ɗaya: shin dama almakashin na ajiye ne aka fito da shi, ko sabo aka ƙera? A 1967 Filner da Varner a Jami'ar Jihar Mishigan suka shayar da shimfiɗar nan wani ruwa na musamman wanda ya fi ruwanmu nauyi kaɗan. Amilas ɗin da ya fito sai aka auna shi ya fi na kullum nauyi. Ta haka aka tabbata bayan shan ruwan aka gina shi, daga tushe.

Duk wannan labarin sha'ir ne, dawarmu kuwa tana da nata hali. A. O. Aisien, masani ɗan Nijeriya, tare da G. H. Palmer na Jami'ar Heriot-Watt a Edinbara, sun buga bincikensu a 1983, inda suka nuna a dawa yawancin amilas daga jikin ɗan tayin kansa ya ke fitowa, daga wani faifai mai kamar garkuwa da ke tsakaninsa da rumbu. Shi ya sa yayyafa jibaralin, wanda ke hanzarta tsiron sha'ir a masana'antun Turai, ba ya yi wa dawa wani abin kirki. Sha'ir kuma sanyi ya ke so wajen tsira, ita dawa sai da ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30.

Bambancin nan ya zama maganar kuɗi a 1988, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin giya da na lemon malt, waɗanda injunansu da littattafansu duk na sha'ir ne, suka koma neman dawa ido rufe, irin su gajerar kaura SK5912 ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Sai da suka sāke tsarin dahuwarsu, wasu kuma suka riƙa sayen enzayim na kwalba daga waje suna haɗawa da ɗanyar dawa. An ɗage hanin daga baya, amma dawa ba ta fita daga masana'antun ba. Masu dafa burukutu a Sabon Gari da sauran wurare kuwa tun can da tsiron dawa su ke aiki, babu abin da ya sāke musu.

Karanta Littafi Dabam, Kwafe Shi Dabam

Yanzu mun zo ga gindin maganar. Ina ƙwaya ta san yadda a ke ƙera amilas, alhali ba ta taɓa yi ba?

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da wasu 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai, jere kamar saƙar zuma, ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Cikin kowane ɗaki akwai wani dogon zare mai igiya biyu a murɗe, shi ne DNA, wanda Watson da Crick suka bayyana siffarsa a 1953. Zaren nan rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C. A 2009 aka buga karatun na dawa, aka sami harafi wajen miliyan 730, ɗauke da umurni fiye da 30,000. Umurnin ƙera amilas ɗaya ne daga ciki.

Waɗanda suka san aikin ofis za su fi kowa saurin fahimta. A zamanin En'e, babban littafin ofis ba ya fita daga inda a ke ajiye shi. In ana bukatar wani abu daga ciki, magatakarda ya buɗe shafin, ya kwafo layin da a ke so bisa 'yar takarda, a ba masinja ya kai inda za a yi aiki da ita. Takardar ta gama amfani a yar, littafi na nan. Haka ɗakin halitta ke yi. 'Yar takardar ita a ke kira RNA. Manzon nan jibaralin, iyakar aikinsa ya sa a buɗe shafin amilas a yi ta kwafowa ana aikawa maƙera.

Amma kwafe littafin dukansa, daga bango zuwa bango, wannan wani aiki ne dabam, ba a kuwa yinsa sai za a buɗe sabon ofis. Ɗaki ba ya rabuwa biyu sai ya yi wa sabon ɗakin nasa littafi cikakke. Igiyoyin nan biyu su warware, kowace ta zama abin dubawa, a jera mata sabuwar abokiya, A na fuskantar T, G na fuskantar C. Mai jerawar shi ma enzayim ne, Arthur Kornberg ya fara gano irinsa a 1956.

Mutane da yawa, har da masu koyarwa, su kan ɗauka tsirowa da rabuwar ɗakuna abu ɗaya ne, wai saiwa na fitowa ne don ɗakuna sun ƙaru. Ba haka ba ne. A farkon shekarun 1960 Haber da abokan aikinsa a Oak Ridge ta Amurka suka haska wa ƙwayoyin alkama hasken gama mai tsanani, har ya zama ba su iya kwafe DNA, ɗakunansu kuma ba su iya rabuwa. Da aka jiƙa su sai suka tsira. Saiwa ta fito, ganye ya fito har ya yi kore, suka ci daga rumbunsu, sa'an nan bayan 'yan kwanaki girma ya tsaya cik. Abin da ya faru shi ne ɗakunan da ke akwai tun farko sun sha ruwa sun miƙe, su suka tura saiwa waje. Ita ma shimfiɗar nan ta sha'ir mai zubo amilas, ɗakunanta ba su rabuwa ko sau ɗaya, aiki su ke yi har su mutu. Mai kunu karatun littafin kaɗai ta ke bukata. Manomi ne ke bukatar a kwafe shi, sau dubban dubbai, kafin a sami zangarniya.

Ga yadda abin ke bi da bi in ruwa ya taɓa iri. Da fari ƙwaya ta zuƙi ruwa da sauri, wannan ko matacciya ma tana yi. Cikin ɗan lokaci mai rai ta soma numfashi. Maƙera ta kama aiki da wasu takardun RNA da aka rubuta aka ajiye tun ƙwayar na jikin uwarta, abin da Dure da Waters suka nuna a irin auduga a 1965. Kafin a taɓa kwafe babban littafi sai an bi shi an gyara, gama zaman bushewa na tsinka zaren nan wuri-wuri. Bayan gyara ne, sa'o'i da yawa da shan ruwa, a ke soma kwafewa, galibi dab da fitowar saiwa ko bayanta.

Ginin sabon DNA na cin sinadarin fosfaras da yawa. Ƙwaya ta tanade shi a ɗaure cikin wani abu mai suna fitet, wanda kuma ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanjin mutum shansu. In ta tsira sai ta ƙera wani enzayim ya kwance ɗaurin don bukatar kanta, mu kuma mu sami rabonmu, domin ƙarfen da ke cikin hatsin da ya tsira ya fi saurin shiga jini.

Tsohon Iri Da Binne

Batun gyaran nan ba na ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Daphne Osborne, wata masaniya ta Ingila, ta yi shekaru tana binciken irin wani hatsin Turai mai suna rai, ta nuna yadda zaren DNA ke ƙara tsintsinkewa muddin iri na ajiye. Sabon iri gyaransa kaɗan ne, sai ya fito da wuri. Tsoho ya daɗe yana ɗinki, ya fito a makare ba ƙarfi. Wanda ɓarnarsa ta fi ƙarfin gyara ya sha ruwa ya kumbura ya ruɓe a rami. Zafi da laima su ke gaggauta ɓarnar. Wani masanin iri, Harrington, ya ba da ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: in laimar iri ta ragu da kashi ɗaya cikin ɗari, ko zafin ma'ajinsa ya sauka da digiri 5, kwanansa ya kan ninka. Buhun irin da ya yi bazara cikin shago mai rufin kwano, ko ya yi damina bisa dandaɓar siminti, lalle ba daidai ya ke da wanda ya kwana a zangarniyarsa cikin rumbu ba, ko da ido bai ga bambanci ba. Ƙirga ƙwaya 100 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma kwana huɗu ko biyar ya fi kowace rantsuwar mai sayarwa.

Haka kuma a nan ne hatsarin binne ya ke. Irin da ya ɗan jiƙa bai kai ga fid da saiwa ba yana iya sāke bushewa ya jira, har ma gyaran da ya riga ya yi ya zama masa riba. Shi ya sa malaman gona a wurare da yawa ke ba da shawarar a jiƙa irin dawa ko gero dare ɗaya, a tsane, a shuka da safe cikin ƙasa mai laima. Amma da zarar saiwa ta ɓullo, ɗakuna sun shiga rabuwa, ba komawa baya. In yayyafin farkon damina ya isa ya ta da iri, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu, an yi asarar iri da wahala duka.

Gargaɗi Ga Masu Tsiro

Ɗan tsiron dawa ba amilas kaɗai ya ke ƙerawa ba, yana ƙera makami. Makiyaya sun daɗe da sanin gyauron dawa na kashe shanu. Dalilin wani sinadari ne, durin, wanda Dunstan da Henry suka ware a London a 1902, suka ɗauko sunansa daga sunan dawa da Larabci. In aka tauna ko aka daka ɗanyen tsiro, sai ya saki gubar sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Busasshiyar ƙwaya kusan ba ta da shi. Binciken da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1980 ya nuna a kan tsiron da saiwarsa gubar ta fi taruwa. Don haka in tsiro ya bushe a murje shi a sheƙe, kai da saiwa su fita, kafin a daka. Hatsin da rabinsa matacce ne kuma bai dace da tsiro ba, gama matattun ba su ƙera kome, sai dai su zama abincin funfuna. Irin da aka barbaɗa wa maganin shuka kuwa kada ya kusanci tukunya ko kaɗan.

In an kiyaye wannan, garin tsiro na da wani amfani wanda a ganina ya fi na kunun sayarwa. Cikin yaron da a ke yaye ƙarami ne, ba ya kuma iya haɗiye abu mai kauri. Uwa ta kan tsinka masa kunu da ruwa, ya sha cikinsa ya cika, alhali yawancin abin da ya sha ruwa ne. A shekarun 1980 ma'aikatan lafiya a Tanzaniya, inda a ke kiran tsiro kimea, da na Baroda a Indiya, suka nuna in aka dama kunu da kauri, aka barbaɗa ƙaramin cokali na garin tsiro yana da ɗumi, zai tsinke yaro ya iya sha, ga shi garin da ke ciki ya ninka na tsinkakken kunu sau biyu ko uku. Sai dai a mai da shi wuta ya tafasa bayan ya tsinke, don kashe ƙwayoyin cuta da korar sauran guba.

Malamin makaranta na iya nuna wa yara aikin nan duka ba da kayan waje ba. A dama kunu mai kauri a raba kofi uku. Na farko a bar shi haka. Na biyu a sa masa cokalin garin tsiro. Na uku a sa masa garin tsiron da aka riga aka tafasa cikin ɗan ruwa. Bayan rabin sa'a a karkata kofunan, na biyu kaɗai zai zubo. Sa'an nan a ɗebi kaɗan daga kowanne a ɗiga masa aidin na wankin ciwo, kada kuwa a bar yara su ɗanɗana wanda aka ɗiga wa. Na farko da na uku za su yi baƙi-baƙi kamar an tsoma su a baba. Na biyu, in an tace shi ana gwadawa lokaci lokaci, launinsa zai yi ta raguwa daga shuɗi zuwa ja-ja yayin da almakashin ke cin igiyoyin.